Ƙanwar maigidana ta karanta kalandar wayata, ta kai wa Hajiya labari

Assalamu alaikum Goggo. Ni matar aure ce a Garwa, shekarata 5 a ɗakin miji, Allah bai kawo haihuwa ba tukuna. Ina da shagon ɗinki mai keke 3, ƙanwar maigidana ce ke taya ni karɓar aiki da lura da yara masu koyo. Da aiki ya yi mana yawa sai muka fara mance alkawari, har wata amarya ta zo karɓar kayanta ta tarar ko yankawa ba a yi ba. Yaron da ke mana gyaran waya ya ce mu riƙa rubuta ranaku a kalandar Google, wadda ke fitowa a wayoyinmu da sunan Agenda. Ya karɓi wayata da tata ya haɗa su, abin da na rubuta tana gani, ita ma tana rubutawa. Gaskiya mun ji daɗinsa.

Kuskurena, a nan nake rubuta ranar ganin likitan mata da gwaje-gwajen da ake mini, da ranar zubin adashin da nake yi na sefa 25,000 duk wata. Dukansu na danna musu "Privé", na ɗauka na rufe ke nan. Ranar wani suna, Hajiya uwar mijina ta dube ni a gaban mata ta ce, "To, me likitan ya ce ranar Talata? Ashe kuma kuɗi ake tarawa ba mu da labari." Ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba.

Maigidana ya san zancen asibiti, shi ne ma ya ce kada kowa ya ji. Adashin ne bai sani ba. Direban babbar mota ne, yana kai kaya Njamena. Da ya dawo ya ji, sai ya ce tunda ƙanwarsa na gani shi ba ya gani, in ba shi kalmar sirrin asusun, in dai babu abin da nake ɓoyewa. Ita kuma ta ce ba leƙe ta yi ba, a wayarta abin ya fito. Zuciyata na ce mini in kore ta in goge kalandar baki ɗaya, ga sallah ta matso, shago cike da kayan mutane. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda ya tsaya mini a rai shi ne tsakar gidan sunan nan: mata zazzaune a kan tabarmi, ana zagayawa da goro, sai a jefo miki maganar da ke da mijinki kuka ƙulle a ƙuryar ɗaki. Duk macen da ta taɓa zaman jiran haihuwa ta san nauyin wannan tambaya ko a keɓe aka yi mata ita, balle a bainar jama'a. Zafin da kika ji yana da dalilinsa, kuma son da kika yi a rufa miki asiri ba munafunci ba ne. Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sai dai kafin mu taɓo mutane, bari mu fara da wayar, domin har yanzu da nake miki wannan rubutu ƙofar a buɗe take. In kika sa ranar likita ta gaba yau da dare, kafin asuba ta isa wayar ƙanwar mijinki.

Idan za a raba kalandar Google da wani, ana zaɓa masa iya inda zai tsaya. Mafi ƙanƙanta shi ne ya ga kina da uzuri daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, bai san ko na mene ne ba. Kalma ɗaya zai gani, "Occupé", kamar wanda ya yi sallama a zaure aka ce masa matar gidan na da baƙi. Sama da wannan akwai wanda zai karanta abin da kika rubuta amma ba ya iya taɓawa, kuma a kan irin wannan mutumin ne "Privé" ɗinki ke aiki, ya ga lokacin a toshe bai ga bayanin ba. Sai wanda aka ba ikon rubutawa da gyarawa da gogewa. Sai na ƙoli, wanda ban da duk wannan yana iya shigo da wasu mutanen da ke ba ki gayyata ba. To, inda aka yi miki ba-zata ke nan: wanda aka ba cikakken ikon gyara yana ganin har abin da aka sa wa "Privé". Tunda kin ce ita ma tana rubuta ranakun kwastomomi, ikon gyaran aka ba ta. Kin saki labule, alhali wadda kika saki labulen dominta tana zaune cikin ɗakin tare da ke.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Kin ce yaron "ya haɗa" wayoyin, ba ki faɗi yadda ya haɗa ba. Da yawa daga cikin masu gyaran waya, don a gama da wuri, ba sa bin hanyar rabawa sam, sai su shigar da asusunka kacokan a wayar ɗayan. In haka ya yi, to ba kalanda kaɗai ke wayarta ba: saƙonninki na Gmail suna can, da lambobin mutanen da kika ajiye a asusun, watakila har hotunanki. Ganewa ba wuya. Ki shiga asusunki na Google, ki je ɓangaren tsaro, za ki tarar da jerin na'urorin da asusun ke buɗe a cikinsu. In kin ga wayar da ba taki ba, ki fitar da ita. Ko kin gani ko ba ki gani ba, ki canza kalmar sirri a daren nan, tunda yaron ya riƙe wayarki, mai yiwuwa ma shi ya ƙirƙiro miki kalmar tun farko. Ki kunna tabbaci mai mataki biyu, yadda ko wani ya san kalmar sai an nemi amincewar wayarki. Wannan aikin ki yi shi da hannunki, kada ki mayar wa yaron.

Daga nan ki buɗe calendar.google.com a kwamfuta, domin a can ne duk saitin rabawa ke fitowa a shimfiɗe. In babu kwamfuta, ki buɗe shi a burauzar waya ki zaɓi shafin irin na kwamfuta. Rubutun ƙanana ne, amma yana yi. In a shagon intanet kika yi, kada ki tashi sai kin fita daga asusun. Ki nemo sunan kalandarki a gefen hagu, ki shiga "Paramètres et partage", wato saiti da rabawa. Ki duba sunayen waɗanda aka raba wa, ko akwai imel ɗin da ba ki sani ba. Ki duba akwatin da ke buɗe kalanda ga kowa da kowa, ki tabbata ba a danna shi ba, domin in an danna, har a binciken Google abin da kika rubuta na iya fitowa. Can ƙasa kuma akwai wani dogon adireshi na sirri, wanda duk mai riƙe da shi zai iya karanta kalandar; akwai wurin sake shi, ki danna, tsohon ya mutu.

Zancen goge kalanda kuwa, ki ajiye shi. Babbar kalandar asusu ma ba ta gogewa, sai dai a share duk abin da ke cikinta, kuma in kin share, alkawuran ɗinkin sallah ne za su tafi, ba abin da Hajiya ta riga ta ji ba. Magana zarar bunu ce.

Abin da yaron ya kamata ya yi tun ranar farko shi ne ya buɗe miki kalanda ta biyu. Asusu ɗaya na ɗaukar kalanda da yawa, kowace da sunanta da launinta da mutanen da aka raba wa. Ki buɗe sabuwa ki sa mata suna "Shago", ki ba ta launin da ido ba zai ɓata ba, ja ko ruwan goro. Ki bi alkawuran da ke gaba ɗaya bayan ɗaya, "kala 6 na amarya, Alhamis", "riguna 3 na yaran maƙwabta", ki buɗe kowanne ki sauya masa kalanda zuwa Shago. Na baya da suka wuce ki bar su, ba sa buƙatar ƙaura. Aikin yamma ɗaya ne. In kin gama, ki raba Shago da ƙanwar mijinki da ikon gyara, ban da ikon ƙara mutane. Saƙo zai je imel ɗinta, ta danna ta karɓa. Sannan ne za ki cire sunanta daga tsohuwar. Ki bi wannan jerin yadda na kawo shi, don kada a wayi gari ta buɗe waya ta ga wayam, ga mata a ƙofar shago suna jiran kaya. In sabuwar ba ta fito a manhajar wayarki ba, ki shiga saitin manhajar ki kunna mata daidaitawa.

Daga ranar, duk abin da za ki rubuta sai kin dubi a wace kalanda zai faɗa kafin ki ajiye. A nan ake yawan zamewa, musamman da rana tsaka ana zafin Garwa, ga kwastoma a tsaye a kanki tana magana. Kuma ki tuna da fuskar waya. Kalanda na turo tunatarwa, sai ta fito ɓaro-ɓaro ko wayar na kulle: kin ajiye ta a kan teburin yanka kin je alwala, yarinya mai koyo ta zo ɗaukar almakashi ta karanta "likitan mata, ƙarfe 9". Akwai saitin da ke ɓoye abin da sanarwa ta ƙunsa in waya na kulle, ki kunna. Ni dai in kin tambaye ni, abin da ya kai wannan nauyi ba na rubuta shi da sunansa a waya. In sa harafi ɗaya da lokaci, sauran bayanin yana cikin ɗan littafin da ke ƙasan akwatina. Tsufa ne watakila, amma littafin bai taɓa tura wa kowa komai ba.

To, mu dawo kan ƙanwar mijinki. Da ta ce ba leƙe ta yi ba, gaskiya ta faɗa, kuma ki yarda da wannan a gabanta, zai sauƙaƙa sauran maganar. Ba ta fasa miki akwati ba, abin ya zo tafin hannunta ne. Laifinta a ɗauka da kaiwa yake. Ta ga abin da ko makaho ya shafa ya san ba na shago ba ne. Abin da ya dace da ita shi ne ta ja ki gefe ta ce, "Yaya, ina ganin wasu abubuwanki a wayata, ki gyara." Ba ta yi ba, ta yi ta karantawa, sannan ta kai gaba. Ayar nan ta 12 a Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin mutane, ita ce kuma ta hana cin namansu a bayan ido. Kuma kada wani ya ce miki ai 'yan gida ɗaya ba su da sirri a tsakaninsu: a Suratun Nur, aya ta 58, har yaran gida an umarta su nemi izini a lokuta uku, kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan isha'i.

Duk da haka ban san zuciyarta ba, ke ma ba ki gama sani ba. Yarinya na iya ganin "gwaji" da "sakamako" suna maimaituwa ta tsorata, ta zaci wata muguwar cuta kike ɓoyewa. Tana iya yiwuwa Hajiya ce ta matsa mata da tambaya, kin san yadda uwa ke tatsar 'yarta da dabara. Tana kuma iya yiwuwa sakin baki ne kawai, ko ɗan abin da ba a rasa ba tsakanin mace da dangin miji. Ki zauna da ita bayan an rufe shago, yara sun watse. Ki ce mata kuskurenki ne da kika haɗa kayan ɗaki da na kasuwa wuri ɗaya, kin gyara, daga yau kalandar shago kaɗai za ta gani. Sannan ki faɗa mata a fili cewa abin da ta kai wa Hajiya ya kunyata ki a gaban mutane, kuma amanar yayanta ta taɓa, ba taki kaɗai ba. Ki yi shiru ki saurari abin da za ta ce.

Kora a yanzu ban goyi bayanta ba. Kayan mutane ne a hannunki, kuma in kin kore ta a cikin wannan ƙurar, labarin da zai zaga dangi shi ne an kama ki kin huce a kanta. Ki bari sallah ta wuce, ki sa ido. Shagon ɗinki wurin sirri ne: kun san wadda aka sa wa rana kafin a sanar, kun san wadda ƙugunta ya ƙaru da wata uku, kun san matar babban mutum da ta kasa biyan kuɗin ɗinki. In kin lura irin waɗannan ma suna fita ta bakinta, to halinta ne, sai ku rabu cikin mutunci ta hannun yayanta. In kuwa ta ji kunya ta kama bakinta, kin tsira da mataimakiya da kuma zumunci. Af, ko a kalandar Shagon ma, kada ku riƙa rubuta bashin mutane dalla-dalla da sunayensu. Wannan na littafin kuɗi ne.

Maigidanki kuma, ki dubi abin ta inda yake tsaye. Mutum ya kwana a hanya, ya bi ta Marwa, ya yi jiran takardu a Kuseri, ya haye gada zuwa Njamena ya dawo a gajiye, sai ya ji daga bakin mahaifiyarsa cewa matarsa na tara kuɗi. Ba sefa 25,000 ɗin ne suka dame shi ba, zama na ƙarshen ji ne. Kuɗin da kika samu da keken ɗinkinki naki ne, addini bai ba shi iko a kansu ba, kuma adashi ba abin kunya ba ne, da shi mata da yawa suka sayi keken farko. Amma tunda ya fito ta wannan hanya, ki ba shi labarinsa da bakinki: yaushe kika shiga, ku nawa ne, yaushe za ki kwasa, me kike niyyar yi da shi. In don kuɗin gwaje-gwajen kike tarawa, kamar yadda nake zato, ki faɗa masa haka. Zai yi wuya namiji ya ji wannan bai sauko ba.

Kalmar sirri dai kada ki bayar, kuma ki faɗa masa dalili cikin ladabi. Asusun ba naki kaɗai ke ciki ba. Akwai lambobin matan mutane, akwai hotunan da kwastomomi suka gwada kaya aka ɗauka, waɗanda bai halatta wani namiji ya gani ba. Ga shi kuma mutumin hanya ne. Wayar da ke kwana a tasha tana iya ɓata ko a sace, ta tafi da asusunki a buɗe. Abin da yake nema, wato kada a bar shi a duhu, akwai hanyar da ta fi wannan biya masa shi. Ki buɗe kalanda ta uku, "Gida", daga ke sai shi, kowa na iya rubutawa. Ke ki sa ranar likita da ranar zubi da bukukuwan dangi, shi ya sa ranar lodi da ranar da yake sa ran dawowa. Kamaru da Cadi agogonsu ɗaya, don haka ƙarfe 9 ɗinki ƙarfe 9 ɗinsa ne ko yana ƙetaren kogi. Ki lura, ita ma wannan ku biyu kawai. In aka fara cewa a sa Hajiya, a sa wane, an koma gidan jiya.

In ya dage sai kalmar, kada ki mai da shi yaƙi. Ki zauna kusa da shi ki buɗe kalandar a hannunki, ya duba wata-wata har ya gamsu. Mafi yawan maza a nan suke tsayawa. In kuma abin ya zarce ya zama kullum sai an binciki wayarki, ana tambayar ina kika je ƙarfe kaza, wannan wata matsala ce dabam da kalanda ba ta warkarwa. Sai ki sa wani babba daga gidanku wanda yake jin nauyinsa, ki kuma sake rubuto mini.

Akwai aikin da nasa ne shi kaɗai. Shi ya ce a rufe maganar asibiti, ƙanwarsa ta buɗe, mahaifiyarsa ta shanya. Shi zai je wurin Hajiya, a keɓe, ya ce mata da saninsa kike zuwa, shi ya ce a yi shiru, kuma yana roƙon kada a sake tayar da zancen a taro. Daga bakin ɗanta za ta ji shi da sauƙi. Daga bakinki zai zama rashin kunya. Ke naki ki ci gaba da gaisuwa da aike kamar yadda kika saba. In ta sake tambaya, ki ce, "Muna nema Hajiya, a taya mu da addu'a," ki tsaya nan. Ita ma jika take jira, bakin ne ya fi ƙarfinta.

Kuma tunda ranakun likita za su koma kalandar Gida, kada su zama na kallo kawai a wurinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum 1 cikin 6 na manya na fuskantar jinkirin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma dalilin kan fito ta wajen mace, ko ta wajen namiji, ko duka biyun. Shi ya sa likitoci ke son ganin miji da mata tare, gwajin namiji ma ya fi sauƙi da araha a kan yawancin naki. A wasiƙarki na ji "gwaje-gwajen da ake mini", ban ji nasa ba. In za ki karɓi rana ta gaba a asibiti, ki fara duba ranar da ya rubuta zai kwana Garwa, ki roƙi a ba ki ita, ku tafi tare.